Furez a cikin tukunya: mi ke ƙona ganye?

Tun bayan farin shekarar 1984 noman rani ya kafu sosai a ƙasar Nijar. Garake sun yawaita. Ana noman albasa, tumatir, shu, salati da karoti. Yau ma wanda ba shi da garka shina shuka a tsakar gida, cikin tukunya, ko rabin bido, ko tsohon buhu. Mata sun fi yawa ga wannan aiki.

Cikin abubuwan da ake gwadawa har da furez. A Najeriya ana ce mishi sitiroberi. Ƙaramin tsiro ne, tsawonshi bai wuce taƙi ɗaya ba. Ganyenshi uku-uku ne, bakinsu kamar haƙoran zarto. Ɗiyanshi jajaye ne masu ƙamshi, kuma suna da tsada a kasuwannin birni.

Furez ba ɗan ƙasarmu ba ne. A shekarar 1714 wani Bafaranshe mai suna Frézier ya kawo wani iri daga ƙasar Cile. A Faransa irin nan ya haɗu da wani na Amurka ta Arewa. Daga nan anka samu furez da ake ci yau. A Afirka ta Yamma, masu garka na Wagadugu sun daɗe da ƙwarewa ga nomanshi lokacin ɗari. Haka ma mutanen tsaunukan Jos, inda ake da sanyi.

Shuka ce mai son sanyi. Ta fi jin daɗi in zafi shina tsakanin digiri 15 da 26. Saiwarta ba ta nisa, mafi yawanta tana cikin santimita 15 na sama. Kuma tana cikin shuke-shuken da sunka fi ƙin gishiri. Wanda ya riƙe abubuwan nan uku ya gane rabin ciwonta.

Ga abin da ke faruwa sau da yawa. Mace ta sayi dashe da kuɗinta. Ta yi wata biyu tana ban ruwa, wani lokaci ruwan saye ne daga ƴan ga-ruwa. Fure ya fara fita. Sai wata safiya ta ga ganye ya yi ja, ya bushe ta baki kamar an kai mishi wuta. Hankalinta ya tashi. Sai ta ƙara ruwa, ta ƙara taki, ta nemo magani a kasuwa ta fesa. Bayan sati biyu shuka ta mutu. Sau da yawa ba ciwon ne ya kashe ta ba, maganin ne.

Hausawa sun ce ruwa ba shi tsami banza. Ganye ma ba shi ƙonewa banza. Amma dalilan suna da yawa, kuma maganin wani shi ne dafin wani. Don haka kafin a taɓa komi, a tsuguna a duba abu uku. Wane ganye ne ya ƙone, tsoho na waje ko sabo na tsakiya? Ina ƙunar take, ga baki ko ɗigo-ɗigo a tsakiyar ganye? Ƙasar tukunya kuma, jiƙaƙƙiya ce ko busasshiya?

Wani ba ciwo ba ne

Ganyen furez ba shi daɗewa. Bayan ƴan watanni sai shi tsufa, shi yi ɗorawa, shi yi ja, shi bushe. In ganye ɗaya ko biyu ne na ƙasa, kuma tsakiyar shuka tana fidda sabbi kore shar, babu damuwa. A yanke tsofaffin da almakashi a fitar da su. Shi ke nan.

Ƙishirwa da yawan ruwa

Nan ne mutane sunka fi ruɗewa. Shukar da ke jin ƙishirwa tana yaushi. Shukar da ruwa ya yi wa yawa ita ma tana yaushi. Ido kaɗai ba shi rarrabe su. Yatsa ne ke rarrabewa.

A tura yatsa cikin ƙasar tukunya har gaɓa biyu. In ya fito a bushe, ƙishirwa ce. Ganyen mai ƙishirwa shina bushewa ta baki, in an murza shi sai shi farfashe. Tukunya ta yi sauƙin ɗauka. Wani lokaci ƙasa tana janyewa daga jikin tukunya, ta bar tsaga. In an zuba ruwa sai shi bi tsagar shi fita ta ƙasa nan take. Mai shuka tana tsammanin ta shayar, alhali tsakiyar ƙasa ko jiƙa ba ta yi ba. Maganin wannan shi ne a sa tukunyar cikin babbar roba mai ruwa, a bar ta kamar rabin awa, ta sha ta ƙasa. Sannan a fitar da ita ta tsane.

In kuwa yatsa ya fito da laka, kuma shuka tana yaushi tun da safe, yawan ruwa ne. Saiwa tana numfashi kamar kowane mai rai. In ruwa ya kwanta mata, iska ba ta shiga, sai ta ruɓe. Ruɓaɓɓiyar saiwa ba ta iya jan ruwa. Ga shuka zaune cikin ruwa, ga ta tana mutuwa da ƙishirwa. Ƙarin ruwa a nan ƙarasa ta ne.

Don a tabbatar, a kifa tukunya a tafin hannu, a zare shukar da ƙasarta a hankali. Lafiyayyar saiwa tana da ƙananan rassa farare masu yawa. Ruɓaɓɓiya baƙa ce, tana da laushi, tana wari, in an ja ta sai ta saɓule. In saura akwai farare, shuka tana iya tashi. A yanke baƙaƙen. A zubar da tsohuwar ƙasa. A sake dasawa cikin sabuwa, a aje ta inuwa kwana 5 ko 6.

Kusan kullum laifin daga tukunya shike, ko daga ƙasa. Tukunyar da ba ta da huji a gindi ba wurin shuka ba ce, ko da ta yi kyau. A yi mata huji 4 ko 5 masu faɗin ɗan yatsa. A ɗora ta bisa duwatsu ko bulo, don ruwa shi samu hanya, kuma gara ba ta shiga ta ƙasa. Kada a bar tasa cike da ruwa a ƙarƙashinta. Ƙasar laka ta fadama ba ta dace ba, tana riƙe ruwa, in ta bushe kuma ta zama dutse. Abin da ya fi shi ne kashi 2 na ƙasar jigawa mai rairayi, da kashi 1 na taki wanda ya ruɓe sarai.

Babu wanda zai iya cewa a ba da ruwa sau kaza. Lokacin ɗari sau ɗaya da safe kan isa. In zafi ya fara, ƙaramar tukunya tana iya buƙatar safe da marece. Yatsa ne alƙali. Kuma in za a ba da ruwa, a ba da sosai har shi ɗiga ta hujin ƙasa. Yayyafi kaɗan-kaɗan ba shi kai ga saiwa.

Kanwa da gishiri

Wannan shi ne ciwon da ya fi ɓoyewa, kuma ya fi shafar ƙasar nan. Kowa ya san kanwar Dallol Boso, da gishirin Foga, da kanwar ƙasar Manga. Ko a wasu wurare akwai rijiyoyin da ruwansu ke da ɗanɗanon kanwa. Mutum shina sha, dabba tana sha, ba abin da ke samunsu. Furez ba shi jurewa.

A gona, ruwan damana shina wanke gishiri zuwa can ƙasa. A tukunya ba haka ba ne. Kullum ana zuba ruwa, rana tana shanye shi, gishirin shina zama. Yau kaɗan, gobe kaɗan. Bayan wata biyu ya taru.

Alamarshi ita ce bakin tsofaffin ganyaye shina ƙonewa zagaye, kamar an yi musu kalmasa da jan zare. Tsakiyar ganye tana nan kore. Ƙasa tana da damshi amma shuka ba ta girma. Sau da yawa ana ganin wani farin abu kamar gari bisa ƙasa, ko a bakin tukunya, ko wajen huji.

Takin zamani ma gishiri ne. Ure da 15-15-15 suna da amfani, amma tukunya ba gona ba ce. Dintsi ɗaya da ake watsawa a fangali ya isa shi kashe shukar tukunya cikin kwana 3. In ganye ya ƙone jim kaɗan bayan an sa taki, ba sai an nemi wani dalili ba. Ɗanyen kashin kaji da na tantabara suna yin irin wannan ɓarna. Haka ma ruwan wanki da na wanke-wanke. Ruwa shina da wuya, gaskiya ne, amma ruwan sabulun gari ba na furez ba ne.

Akwai masu zuba toka a gindin kowace shuka. Toka tana da sinadarin fotas, wanda shuka ke so. Amma toka ƴar uwar kanwa ce, shi ya sa mata ke tace ta su sa a miya. Furez kuwa ya fi son ƙasa mai ɗan tsami. Gara a bar tokar ga wata shuka.

Maganin gishiri wanki ne. A kankare farin abin nan da ƙasar sama kamar kaurin yatsa, a zubar. A kai tukunya inda ruwa zai gudu. A zuba ruwa mai daɗi sannu-sannu, kamar cikin tukunyar sau 2 ko sau 3, shina shiga shina fita ta huji. A bar ta ta tsane. Kada a sa wani taki sai bayan sati 3 ko 4. Inda ruwan rijiya ke da kanwa, a riƙa yin wankin nan sau ɗaya a wata. Wanda ke da ruwa iri biyu, shi ba furez wanda ya fi daɗi. Ruwan sama da anka tara ya fi kowane.

In lokacin sa taki ya yi, rabin cokalin shayi na 15-15-15 ya ishi tukunya ɗaya a wata. A sa shi can gefe, nesa da gindin shuka, a bi shi da ruwa. Kada a sa taki ga busasshiyar ƙasa.

Ganyen da ya riga ya ƙone ba shi komawa kore. Kada a zauna jiran haka. Sabon ganyen da zai fito daga tsakiya shi ne shaida. In ya fito lafiya, magani ya ci.

Rana da iskar hunturu

Littattafan Turai suna cewa a sa furez cikin rana yini guda. Ranarsu ba irin ta Tawa ko Damagaram ba ce. A nan, daga Nuwamba zuwa Janairu, shuka tana iya shan rana sosai. Daga ƙarshen Fabrairu kuwa ranar safe kawai take so, daga fitowa zuwa hantsi. Ranar azahar da ta la'asar suna ƙona ta. Ƙunar rana tana kama ganyayen sama, gefen da ke duban yamma. Wurin shina yin fari-fari tukuna, sannan shi bushe kamar takarda. Ganyayen da ke ɓoye a ƙasa suna nan lafiya.

Wani abin da ba a lura da shi ba shi ne zafin tukunyar kanta. Baƙar roba da gwangwanin ƙarfe suna ɗaukar zafi har hannu ba shi iya taɓa su. Saiwa tana dahuwa a ciki. Dandamalin siminti da jikin bango na yamma suna ƙara wutar. Tukunyar ƙasa, irin ta Mirya ko ta Bubon, ta fi. Tana tsatsafo kamar randa, tana sanyaya saiwa. Sai dai tana saurin bushewa, kuma gishiri shina taruwa a jikinta. Wanda ba shi da sai roba, shi naɗe ta da tsohon buhun algarara ko tabarma, ko shi sa ta cikin wata babbar tukunya.

Iskar hunturu busasshiya ce. Tana shanye ruwan ganye fiye da yadda saiwa ke iya kawowa. Zana ko dannin kara ta gefen gabas da arewa shina tare ta. A rufe fuskar ƙasa da busasshiyar ciyawa ko ɓawon gyaɗa. Rufin shina riƙe damshi, kuma ɗiyan ba su kwanciya bisa ƙasa. A dai riƙa ɗaga shi ana duba gara.

Jan gizo

Masu noman tumatir da gauta sun san shi, sun kuma sha wuyarshi. Ƙanƙane ne ƙwarai, bai kai rabin ƙwayar gero ba. Shina zama a bayan ganye shina tsotsar ruwanshi. Da farko ganye shina yin ƙananan ɗigo farare, kamar an caccake shi da allura. Daga baya shi dushe, shi yi launin tagulla, shi bushe. In sun yi yawa ana ganin siririyar yana tsakanin ganyaye.

Ga dabarar gane shi. A sa farar takarda ƙarƙashin ganye, a kaɗa ganyen da yatsa. In ƙurar da ta faɗo tana tafiya, shi ne. In an murza ta da yatsa tana barin jan tabo.

Jan gizo shina son zafi, da ƙura, da shukar da ke jin ƙishirwa. Lokacin zafi, ƙwai shina zama babba mai yin ƙwai cikin sati ɗaya ko kwana 10. Shi ya sa ba a jinkiri. A cire ganyayen da sunka fi kamuwa a ƙone su. A wanke bayan sauran da ruwa mai ƙarfi da safe. A raba tukunyar da sauran, kuma a nisanta ta daga tumatir da gauta.

Ɗiyan dogon yaro suna taimakawa. A daka rabin kilo na busassun ƙwayoyi, a jiƙa cikin lita 10 na ruwa, su kwana. Da safe a tace da tsumma mai kyau. A narka ɗan guntun farin sabulu a ciki. A fesa da marece in rana ta yi sanyi, a bayan ganye musamman. A maimaita bayan kwana 5 ko 7, har sau 3, domin fesawa ɗaya ba ta gamawa da ƙwai. A fara gwadawa ga ganye biyu a ga yadda za su kwana. Ruwan ba shi ajiyuwa, a haɗa sabo kowane lokaci.

Maganin ƙwari da ake sayarwa a kasuwa cikin kwalabe marasa bayani, wannan a yi nesa da shi. Da yawansu ba su kashe jan gizo. Ƙwarin da ke cin jan gizon suke kashewa, sai shi ƙara yawa. Abin da ya fi muni, furez ɗanye ake cin shi, ba a fere shi, kuma yara ne ke fara kai hannu. Wanda abin ya fi ƙarfinshi shi yanki ganye biyu, shi sa cikin leda, shi kai wa malamin gona ko ma'aikatan kare tsirrai na yankinshi.

Ɗigo-ɗigo a tsakiyar ganye

In ƙunar ba ga baki take ba, wannan aikin fumfuna ne. Iri uku sunka fi yawa. Akwai mai ƙananan ɗigo zagayayyu, bakinsu ja mai duhu kamar jan yakuwa, tsakiyarsu fara. Akwai mai tabo ja mai duhu wanda ba shi da farin tsakiya, tabon suna haɗuwa har ganye duka shi yi kamar an babbake shi. Na ukun shina farawa daga bakin ganye, shina tsukewa zuwa ciki kamar bakin mashi.

Ba dole ne a san sunayensu ba, don hanyarsu ɗaya ce. Suna son ganye mai kwana da ruwa. Ruwan da ke fantsama shi ke ɗauke su daga wannan ganye zuwa wancan. Shi ya sa sun fi yawa da damana, ko ga wanda ke yi wa shuka wanka da dare. A cire ganyayen da sunka kamu, a ƙone su, kada a zuba su ramin taki. A wanke almakashi da ruwan jabel, kashi 1 cikin kashi 9 na ruwa. A riƙa zuba ruwa a gindi da bakin buta, da safe. A ba tukwane tazara don iska ta ratsa. Shuka ɗaya tana son tukunya mai faɗin santimita 20 da zurfin 20. Rabin bido na lita 25 da anka tsaga a kwance ba shi ɗaukar fiye da 2 ko 3. In an yi haka, mafi yawan lokaci ba a buƙatar sayen magani.

In sabon ganye ne

Wani lokaci tsofaffin ganyaye suna lafiya, amma sabon da ke fitowa kanshi ya ƙone, ya tattare. Sinadarin kalsiyam ne bai kai gare shi ba. Sau da yawa akwai shi cikin ƙasa. Ruwa ne ke ɗauke shi zuwa ganye, kuma ban ruwan ba shi da tsari, yau a cika, gobe a manta. Yawan ure ma shina kawo haka. A daidaita ban ruwa, a rage taki.

In kuma sabon ganye ya yi ɗorawa amma jijiyoyinshi kore ne, kanwa ce ta hana shuka cin sinadarin ƙarfe. A koma ga maganar ruwa mai daɗi da ruɓaɓɓen taki.

Zuciyar shuka

Tsakanin saiwa da ganye akwai wani ɗan kututture gajere. Daga nan ganye da fure ke fitowa. Shi ne zuciyar furez. Wajen dashe dole shi zauna daidai da fuskar ƙasa. In an binne shi, shina ruɓewa. In an bar shi sama har saiwa ta fito, shina bushewa. Dashen da ya ƙone cikin sati biyu na farko, a fara duba nan.

Zuciyar ce ke faɗin ko shuka za ta tashi. In ta yi tauri kuma akwai ɗan kore a tsakiya, a ci gaba da jinya, ko da ganye uku kawai sunka rage. Amma kada a aske ganyayen duka rana ɗaya. Wanda rabinshi ke kore shina ciyar da shuka har yanzu. In shuka ta faɗi gaba ɗaya, a tsaga zuciyar da wuƙa. Lafiyayya fara ce a ciki. In cikinta ya yi ja kamar goro, ta tafi. A ƙone ta. Ƙasar tukunyar ma kada a sake sa mata furez. A wanke tukunya da ruwan jabel, a shanya ta a rana kwana biyu.

Daga Afrilu zuwa Mayu zafi shina wuce digiri 40. Furez ba shi fure, ganye shina ƙonewa ko mi anka yi. A lokacin nan ba ɗiya ake nema ba, iri ake tsaro. A kai tukwane ƙarƙashin itace ko rumfa mai shan iska. A daina sa taki. A ci gaba da ban ruwa gwargwado. Da damana a kare su daga ruwa mai yawa. Shukar da ta tsira tana miƙa siraran igiyoyi, kowace da ɗan tsiro a kanta. A danne ɗan tsiron cikin ƙaramar tukunya mai sabuwar ƙasa, ba tare da an yanke igiyar ba. Bayan sati 4 zuwa 6 ya yi saiwarshi, sai a raba shi da uwar. A zaɓi ɗiyan uwar da ba ta yi ciwo ba. Su ne dashen watan Oktoba da Nuwamba.